Tambayar ma'aurata yaushe za su ƙara haihuwa

Kin tambaya ko laifi ne ki ce wa matar yayanki, "Yaushe za a yi wa yaron nan ƙani?" A gaban mutane, balle wajen suna, laifi ne. Wataƙila ɓari ta yi, ko tiyata aka yi mata likita ya ce ta huta kamar shekara 2, ko suna nema Allah bai kawo ba. Daga bakin dangin miji kuwa, gori za ta ji.

Bari ita ta ɗauko zancen, ku biyu kaɗai, kuma kada ki kawo mata jiƙe-jiƙe. In sun shekara suna nema, ko wata 6 in ta haura 35, su ga likitan mata tare, don shi ma mijin sai an gwada maniyyinsa.