Na soki kamfanin motar lantarki, YouTube ya sauke bidiyona: in biya mai "cire gargaɗi"?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Ina da 'yar tasha a YouTube inda nake bayanin motoci da Hausa, da ita nake rufa wa kaina asiri. Kwanakin baya na yi bidiyo na minti 12 a kan wani kamfanin motocin lantarki na ƙasar waje, na nuna cewa nisan da suke cewa batirinsu na kaiwa bai yi daidai da abin da masu motar ke gani ba. Na sa guntun tallarsu na kamar daƙiƙa 40, ina tsayar da shi ina sharhi. Sai na wayi gari an sauke bidiyon, an manna mini gargaɗin haƙƙin mallaka. Wallahi barci ya ƙaurace mini, don an ce in suka kai uku tasha ta tafi. Na sa rubutun nan na sashe na 107 (sashen dokar haƙƙin mallaka ta Amurka da ya halasta ɗaukar guntun aikin wani don suka ko sharhi) a ƙasan bidiyon, amma bai hana ba. Yanzu wani a zaurenmu na WhatsApp ya ce in ba shi kuɗi da kalmar sirrina, zai cike fom da wani suna da adireshin Amurka don kada a gano ni, cikin mako biyu a cire gargaɗin. Shin kamfani na da ikon toshe bakin mai suka haka kawai? Kuma in ba mutumin aikin? Mai bibiya daga Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, gargaɗi ɗaya ba ya rufe tasha. In ka kammala ɗan darasin haƙƙin mallaka da YouTube ke turo maka, bayan kwana 90 gargaɗin zai faɗi da kansa. Wanda zai iya rufe maka tashar shi ne wannan bawan Allah na WhatsApp, kuma a kansa zan daɗe. Kafin nan, ka shiga YouTube Studio da hannunka ka tabbatar gargaɗin yana can, ka karanta sunan wanda ya shigar da ƙorafin. Saƙon imel kaɗai ba hujja ba ne, ɓarayin tasha ma suna aika irinsa. Ba mamaki ma ka tarar ba kamfanin motar ba ne, mai kiɗan da ke tashi a ƙarƙashin tallar ne.

A ce dai kamfanin ne. Ba kanka farau ba. A Janairun 2018 kamfanin Nikola na jihar Arizona ta Amurka, mai alkawarin ƙera tireloli masu aiki da lantarki da iskar haidirojin, ya saki bidiyon motarsa Nikola One tana sharara gudu a kan titi. Ranar 10 ga Satumban 2020, kwana biyu bayan kamfanin motoci na General Motors ya sanar zai karɓi kashi 11 cikin ɗari na hannun jarin kamfanin, masu bincike na Hindenburg Research suka fasa ƙwai: janyo motar aka yi zuwa saman wata gangara a jihar Utah, aka sake ta ta gangaro, aka ɗauki hoto. Nikola bai musa ba, sai ya ce ai shi bai taɓa cewa da injinta take tafiya ba, cewa ya yi tana motsi. Masu sharhin kasuwar hannun jari a YouTube suka yi ca, kowa na yanko guntun bidiyon yana nuna wa mutane yadda aka yi wasa da hankalinsu. Ba a rufa wata ba, jaridar Financial Times ta ba da labarin cewa an sauke bidiyoyin wasunsu, irin su Sam Alexander da Tom Nash, saboda ƙorafin haƙƙin mallaka daga Nikola. Kamfanin ya nemi ya nuna kamar YouTube ne ya tsokano zancen, YouTube kuwa ya ce shi na'urarsa nuna kamanni kawai take yi, mai haƙƙi ne ke cike fom ya nemi a sauke.

Ka dubi inda aka kwana. Trevor Milton, wanda ya kafa kamfanin, ya sauka daga kujerarsa a watan Satumban nan. A 2022 kotu a New York ta same shi da laifin zamba, a 2023 aka yanke masa shekara huɗu, kafin Shugaba Trump ya yi masa afuwa a Maris ɗin 2025. Kamfanin ya amince ya biya hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka dala miliyan 125, ya kuma durƙushe a Fabrairun 2025. Ma'ana, mutanen da aka sauke wa bidiyo su ne masu gaskiya tun ranar farko, kuma gaskiyar ba ta hana a sauke ba.

Dalili shi ne YouTube ba alƙali ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka da ake kira DMCA ta 1998 ta ce masa: in mai haƙƙi ya aiko da cikakkiyar takardar ƙorafi ka sauke da gaggawa, ba za a kama ka da laifin wanda ya ɗora ba. To wa zai ƙi? Ba ya zama ya auna ko batirin na kai nisan da aka faɗa, takarda yake bi. Don haka amsar tambayarka ta farko ita ce kamfani ba shi da ikon hana ka suka, amma yana da ƙofar da zai bi ya kashe bidiyonka na ɗan lokaci, kuma guntun tallar nan da ka sa shi ne ƙofar.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai, don kullum sai an kawo mini shi. Mutane sun ɗauka takardar musanta ƙorafi wani maɓallin "ku yi haƙuri ku sake dubawa" ne, ka latsa, in ta yi ruwa rijiya, in ba ta yi ba masai. Ba haka ba ne ko kaɗan. Rantsuwa ce ta shari'a. A cikinta kana rubuta cikakken sunanka na gaskiya, da adireshinka, da lambar wayarka. Kana rantsewa, bisa hukuncin shaidar zur, cewa ka yi imani da zuciya ɗaya an sauke bidiyon ne bisa kuskure. Kana sa hannu cewa ka yarda kotun tarayya ta Amurka ta saurari ƙararka. Kai da kake wajen ƙasar, kotun yankin da YouTube yake ke nan, a California. Sannan YouTube zai ɗauki takardar nan sukutum, da sunan da adireshin, ya miƙa wa wanda ya yi ƙorafin. Daga nan mai ƙorafi na da kwanakin aiki goma ya kawo shaidar ya shigar da ƙara. In bai kawo ba, bidiyo ya dawo, gargaɗi ya faɗi.

Ka ga "mako biyun" da mutuminka ke tallatawa? Kwanakin aiki goman nan ne. Ba shi da ɗan'uwa a YouTube, ba shi da wata dabara, fom ɗin da kai ma za ka iya cikewa kyauta shi zai cike, sai dai shi da ƙarya zai cike. Kuma ƙaryar a tasharka za ta fita, ba a tasa ba. Sashe na 512 na dokar nan da ya ba ka damar musu, shi ne kuma ya ce wanda ya yi ƙarya da gangan, ko a ƙorafi ko a musu, za a iya bin sa diyya har da kuɗin lauya. YouTube kansa yana rufe asusun wanda ya kama da bayanan bogi a waɗannan takardu. Kai da kake da gargaɗi ɗaya mai kwana 90, kake kuma da hujja mai kyau, za ka biya kuɗi a mayar da kai maƙaryaci a rubuce? In maganar ta je kotu, lauyan kamfani ba zai fara da batiri ba, zai ɗaga takardar ne ya ce wane ne wannan mutumin na Texas da ya sa hannu a tashar ɗan Zariya.

Kalmar sirri kuwa ban ma san ta inda zan fara ba. Asusun nan shi ne imel ɗinka, shi ne hanyar kuɗin tallarka, shi ne ma'ajiyar hotunan iyalinka. Na sha ganin wanda ya je neman a cire masa gargaɗi ɗaya ya dawo babu tashar ɗungurungum, an canza mata suna ana tallar kuɗin kirifto da ita. Kuma ka sani akwai masu kunna wutar su zo da guga suna sayar da ruwa: a 2019 YouTube da kansa ya kai wani Christopher Brady kotu saboda yana aika ƙorafin ƙarya kan masu bidiyon wasan Minecraft, sannan ya nemi su biya shi ya janye. Ba na cewa mutuminka haka yake. Ina cewa duk wanda ya ce maka "kawo kalmar sirri" ya gama gaya maka ko shi wane ne.

Waɗannan malaman tsibbun intanet ɗin su ne dai suka koya muku manna rubutun sashe na 107 a ƙasan bidiyo kamar laya a wuyan yaro. Ana kwafe shi daga tasha zuwa tasha, wasu har da kurakuran rubutun wanda ya fara, ba wanda ya tsaya ya karanta. Ba ya hana ƙorafi, ba ya hana gargaɗi, kotu ba ta duba shi. Haka ma zancen wai in guntun bai wuce daƙiƙa goma ko talatin ba ka tsira, babu wannan a dokar Amurka. Haka ma juya hoton hagu zuwa dama, ko ƙara masa sauri don Content ID, na'urar YouTube mai gano kamannin bidiyo, ya kasa gane shi. Wannan ma in an je gaban alƙali nuna maka yatsa zai yi, don ya nuna ka san abin da kake ɓoyewa. Kada kuma ka goge bidiyon da sunan gargaɗin zai bi shi, ba ya bi. Kada ka sake ɗora shi, ta nan ake samun gargaɗi na biyu a mako guda.

Abin da sashe na 107 yake dubawa na gaske shi ne me ka yi da abin da ka ɗauka, nawa ka ɗauka, kuma ko ka ci wa mai shi kasuwa. In yadda ka bayyana haka yake, ƙafarka na kan tudu. Daƙiƙa 40 cikin minti 12, kana tsayarwa kana sharhi a kan ainihin abin da tallar ta faɗa, ita kuma talla ba abin sayarwa ba ce balle a ce ka hana a saya. Kotunan Amurka sun sha tsayawa a wannan gefen. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a shari'ar Stephanie Lenz da kamfanin waƙoƙi na Universal, kan bidiyon daƙiƙa 29 na ɗanta yana rawa, dole mai haƙƙi ya fara auna ko amfanin halastacce ne kafin ya aika ƙorafi. A 2017 wata kotu a New York ta ba Ethan da Hila Klein gaskiya kan bidiyon da suka yi suna sukar na wani suna yanko shi gaɓa-gaɓa. Sai dai ka lura, Stephanie Lenz ta fara shari'arta tun 2007, ta haura shekara goma ana bugawa, kuma lauyoyin wata ƙungiyar kare 'yanci ne suka tsaya mata. Tarar keta haƙƙi da gangan kan kai dala 150,000 a kan aiki ɗaya. Yawancin kamfanoni ba sa ƙetare teku su bi ƙaramar tasha kotu, amma "yawanci" ba lamuni ba ne.

Saboda haka ka zaɓa da ido buɗe. Mafi sauƙi, ka rubuta wa mai ƙorafin cikin ladabi, ta adireshin da ke jikin ƙorafin, ka nuna minti da daƙiƙar da ka yi amfani da su da dalilinka, ka nemi ya janye. In ya yi shiru kuma bidiyon ya cancanci faɗa, ka shigar da musun da sunanka na gaskiya, ko lauya ya shigar a madadinka don adireshinsa ya fita maimakon na gidanka. In kuma bidiyon bai kai wannan wahala ba, ka jira kwana 90, ka sake yin sa da hotunan da ka ɗauka da kanka, ka karanto iƙirarin kamfanin da bakinka. Ba wanda ke da haƙƙin mallakar alƙaluma.

Abu ɗaya ya rage, kuma ya fi YouTube nauyi: ƙarar ɓata suna. A Agustan 2022 kamfanin motocin lantarki na Tesla ya aika wa Dan O'Dowd da ƙungiyarsa The Dawn Project takardar lauya cewa su janye bidiyon da ke nuna motar mai tuƙa kanta tana take mutum-mutumin yara. Mutumin attajiri ne, ya ƙi, har ya sake saka talla a lokacin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, na 2023. Bidiyon da YouTube ya sauke a wancan rikicin ma na masoya Tesla ne, waɗanda suka tsayar da yara na gaske a gaban mota don su ƙaryata shi. A China labarin ya sha bamban: Zhang Yazhou, wadda ta hau rufin mota a bajekolin Shanghai na 2021 tana ihun birki ya ƙi ci, kotu ta sa ta biya Tesla fiye da dala 23,000 ta kuma nemi afuwa. A Vietnam, kamfanin VinFast ya kai mai tashar YouTube Tran Van Hoang wurin 'yan sanda a 2021 saboda ya koka da motar da ya saya da kuɗinsa. Nan gida ma ka tuna matar da aka kama a 2023 saboda ta ce a Facebook wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi. An yi wa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya gyara a 2024, amma ƙarar ɓata suna tana nan daram.

Don haka kafin ka sake ɗora komai a kan batirin nan, ka tara hujjarka a fayil guda: shafin da kamfanin ya rubuta nisan, ranar da ka ɗauki hotonsa, da inda alƙaluman masu motar suka fito, a wane yanayi da wane gudu aka gwada. Ka ce "sun ce kaza, gwajin wane ya nuna kaza", kada ka ce "'yan damfara ne". Sannan yau ɗin nan ka kunna tantancewa mai mataki biyu a asusunka, musamman in ka riga ka tura wa mutumin can wani abu.