Amsa ga mai tambaya kan ƙarin girma da albashin ma'aikacin jiha

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da dare, na ga amsoshin da aka ba ka. Wasu sun ce ka yi haƙuri, wasu sun ce sai kana da uwa a gindin murhu. Bari in ɗan tsawaita, don na daɗe a sashen kula da ma'aikata a nan Jos, kuma fayil irin naka ya sha bi ta teburina.

Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: ya ce an ɗauke shi aikin jiha da digiri a lebul 08, ga shi ya shiga shekara ta biyar bai motsa ba. Abokinsa da suka yi bautar ƙasa tare yana wata ma'aikatar tarayya a Abuja, tuni ya koma 09, kuma albashinsu ba a haɗawa. Ya kuma gama digiri na biyu, yana son ya san ko takardar za ta ɗaga shi zuwa 10 kai tsaye.

Lebul 01 zuwa 17 da muke amfani da shi ya samo asali ne daga rahoton kwamitin Udoji na 1974, kuma jihohi da tarayya duk a kansa suke tafiya. Daga 06 zuwa ƙasa ƙananan ma'aikata ne, shekara biyu suke yi a lebul kafin a duba su. Daga 07 zuwa 14 shekara uku. Daga 15 zuwa sama shekara huɗu. A layin manyan jami'ai ba a tsayawa a 11, daga 10 sai 12. To ka yi lissafi da kanka: wanda ya shiga a 08, in bai taɓa makara ko sau ɗaya ba, shekara 18 zai yi kafin ya taka 15, shekara 26 kafin 17. Aikin kuwa shekara 35 ne, ko mutum ya cika shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Wanda ya samu aiki yana da shekara 30, rarar shekara huɗu kacal yake da ita. Shi ya sa ban yarda da masu ce maka ka zauna ka yi shiru ba. Shekara ɗayar da ta wuce ka a 08, a can ƙarshen aiki za ka ji zafinta, lokacin da za a lissafa maka fansho da giratuti a kan lebul ɗin da ka tsaya.

Amma ka sani, shekara ukun nan ba alƙawari ba ce. Abin da take yi kawai shi ne ta sa sunanka ya cancanci shiga jerin waɗanda za a duba. Bayan ita akwai abubuwan da ake nema a fayil, kuma a nan ne yawancin matasa ke maƙalewa ba tare da sun sani ba.

Na farkon abin da zan tambaye ka: an tabbatar maka da aiki? Shekara biyun farko na gwaji ne. Sai an cika su, shugabanka ya rubuta cewa ya gamsu, ka ci jarrabawar tabbatarwa in layinka yana buƙatarta, sannan a ba ka takarda. Wanda ba shi da wannan takarda ba a kai sunansa gaban kwamitin ƙarin girma. Mutane da yawa suna ɗauka tunda albashi na shigowa kowane wata, ai shi ke nan an tabbatar. Ina! Na ga wanda ya yi shekara bakwai yana fushi da darakta, yana cewa an tsane shi, da muka ɗauko fayil ɗinsa sai ga shi bai wuce shafi goma ba: takardar ɗaukar aiki, takardar kama aiki, takardun makaranta, takardar likita, sai takardun hutu. Babu wanda ya taɓa rubuta neman tabbatarwa, shi ma bai taɓa tambaya ba. An tura shi ofishin shiyya a wata ƙaramar hukuma tun shekararsa ta farko, fayil na Jos, shi yana can, kowa ya manta da kowa.

Sai fam ɗin APER, wato rahoton aikinka na shekara-shekara. Na shekara uku a jere ake nema. Kai za ka cika ɓangarenka, shugabanka na kusa ya ba ka maki ya yi sharhi, ka karanta ka sa hannu, na sama da shi ya sake sa hannu. Abin da ke faruwa kuwa kowa ya sani. Sai sakula ta fito, sannan ka ga mutane sun cika gindin bishiya a sakatariyar Gomwalk, kowa da fam uku a kan cinya, biro ɗaya, rubutu iri ɗaya, shekarar kawai ake canzawa a sama. Daga nan a shiga farautar ogan da aka yi aiki da shi shekara uku baya, a tarar an mayar da shi Shendam ko Pankshin, ko ya yi ritaya ya koma ƙauye. Masu duba fam ɗin ba yara ba ne, suna gane wanda aka cika rana ɗaya. Ba lalle su kayar da kai ba, amma in ana neman mutum biyu cikin biyar, irin wannan ƙaramin abu ne ke raba gardama. Ka cika naka a ƙarshen kowace shekara, ka tabbata an sa shi a fayil an buga masa lambar shafi, ka riƙe kwafi a gida.

Takardar tuhuma ma haka. Kweri ɗaya da ka amsa aka rufe maganar ba ta hana komai. Wadda ba a rufe ba ita ce matsala, don duk wanda ke da batun ladabtarwa a buɗe, ajiye sunansa ake yi sai an gama.

Sannan gurbi. Wannan shi ne abin da ba a son ji. Kowace ma'aikata tana da adadin kujerun da aka amince mata a kowane lebul cikin kasafin shekara. Daga 08 zuwa 09 zuwa 10 ba a cika samun cunkoso ba. Daga 14 zuwa sama ne ƙofa ke ƙuntata, mutum ya ci jarrabawa da maki mai kyau a ce masa babu gurbi, ya sake dawowa baɗi. A matakinka dai ban ga dalilin da gurbi zai tsayar da kai ba, sai in jihar ce gaba ɗaya ba ta yi zaman ƙarin girma ba a shekarun, wanda yakan faru idan aljihun gwamnati ya yi sanyi. Ka tambayi waɗanda aka ɗauke ku tare. In duk kuna 08, matsalar ta kowa ce, magana ta koma hannun ƙungiyar ƙwadago. In sun wuce sun bar ka, to fayil ɗinka ne.

Wanda ke da ikon ƙarin girma a jiha ita ce Hukumar Kula da Ma'aikatan Jiha, wadda sashe na 197 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa wa kowace jiha. Ma'aikatarku tana da kwamitin ƙananan ma'aikata da na manya, su ne ke tattara sunaye su tantance su aika, hukumar ta sa albarka. Ma'aikatan ƙananan hukumomi 17 na Filato da malaman makaranta kuwa nasu hukumomin daban ne, kada wani ya karanta wannan ya nufi ofishin da ba nasa ba. A tsarin da tarayya ta daɗe a kai, jarrabawa ko intabiyu na ɗaukar maki 70, APER 20, daɗewa a aiki 10, ana neman 60 kafin a ce mutum ya ci. Jihohi daga nan suke ɗauka su gyara yadda ya dace da su. Tambayoyin ba sa wuce dokokin aikin gwamnati, dokokin kuɗi, aikin da kake yi, da al'amuran yau da kullum. Ka nemi littafin dokokin aiki ka karanta babin ladabtarwa da na hutu da na ƙarin girma, ka san sunan shugaban ma'aikata da kwamishinanka da babban sakatarenka. Abin dariya ne, amma na ga wanda wannan tambayar ta kayar.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na san ita ce ta fi ci maka rai.

Ranar da takardar ƙarin girmanka ta fito, kada murna ta hana ka karanta ta har ƙasa. Sau da yawa kwanan wata biyu ne a ciki. Ɗaya ranar da girman ya fara a takarda, ɗaya ranar da kuɗi zai fara. Ta farkon ita ce ake ƙirga maka shekara uku na gaba daga kanta, saboda haka ko ba ta zo da ko kwabo ba, tana da daraja ƙwarai. Ta biyun ita ce ta alat. Tsakaninsu kan yi shekara ko fiye, kuma ariyas na tsakanin, wato kuɗin baya da kake bi, ba kullum ake biya ba. Bayan haka takardar ba ta kai kanta ofishin albashi. Sai sashenku ya rubuta takardar canjin albashi, ta bi ta odita da ofishin akanta janar, sannan silif ɗinka ya canza. Akwai masu takardar 12 a jaka suna karɓar albashin 10 saboda wannan takarda guda ba ta tashi daga tebur ba.

Sai sitef. Kowane lebul yana da ƙananan matakai a cikinsa, ana hawa ɗaya duk shekara: 15 ne daga lebul 01 zuwa 10, 11 daga 12 zuwa 14, 9 daga 15 zuwa 17. Idan aka ƙara maka girma ba a kai ka sabon lebul da sitef ɗinka na da. Ana duba albashin da kake karɓa, a ɗora ka a sitef ɗin da kuɗinsa ya ɗara shi a sabon lebul. Saboda haka mai 08 sitef 5 zai iya ganin 09 sitef 3 a silif ya ɗauka an cuce shi, alhali daidai ne. Illa dai ƙarin ba ya da yawa, wani lokaci kuɗin keke Napep na wata daga Bukuru zuwa sakatariya ma ba zai biya ba. Kuma kada ka yi mamaki in ka ga dattijon da ya tsufa a 07 sitef 15 ya fi sabon ɗan 08 kuɗi.

Batun abokinka na Abuja kuwa, lambar lebul ce kawai kuka haɗa. Teburin albashinsa na tarayya ne, naka na jiha, kowace jiha kuma da nata gwargwadon abin da ta daidaita da 'yan ƙwadago. Dokar ƙasa mafi ƙarancin albashi kaɗai ta ɗaure: naira 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024. A 2024 ɗin Legas ta sa 85,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000, mu a Filato 70,000. Wannan adadi na wanda ke can ƙasa ne, lebul 01 sitef 1. Abin da ke zuwa wa na sama shi ne gyaran da ake yi bayan haka, kuma yana raguwa ne yayin da ake hawa. A 2019 tarayya ta ba lebul 07 kashi 23.2 cikin ɗari, 08 kashi 20, 09 kashi 19, daga 10 zuwa 14 kashi 16, daga 15 zuwa 17 kashi 14. Jihohi kowacce ta zauna da nata ma'aikatan ta yanke abin da za ta iya. Ƙara da alawus-alawus da wasu hukumomin tarayya ke biya wanda jiha ba ta da shi. Ko a cikin jihar ma, likita yana kan teburin albashin da ake kira CONMESS, ma'aikaciyar jinya da mai haɗa magani suna kan wanda ake kira CONHESS, ba teburinku ɗaya ba. Haka in ka ji an ce tarayya ta sabunta dokokin aiki a 2023, darakta ba ya wuce shekara takwas a kujera, ko an bar APER an koma sabon tsarin auna aiki, wannan ba ya hawa kanka sai jiha ta fitar da tata sakular.

Digiri na biyu: a'a, ba zai kai ka 10 ba. Wanda ya zo da shi a hannu ranar ɗaukar aiki shi ake sa wa a 09. Kai da ka yi shi kana cikin aiki, tambayar farko da za a yi maka ita ce ina takardar izinin karatu. In ka nema an ba ka kafin ka fara, kuma karatun ya shafi aikinka, sai ka rubuta ta hannun shugabanka a sa shi a fayil. In ba ka nema ba, za a iya ƙin amincewa da shi, har wani mai tsaurin ido ya tambaye ka da lokacin wa ka yi karatun. Tunda 09 ɗin ta riga ta zama haƙƙin da kake bi ta hanyar shekaru, takardar ba ta sayo maka wani abu yanzu ba, amfaninta na gaba ne, wajen intabiyun manyan kujeru. Waɗanda ƙarin karatu ke canza wa rayuwa su ne masu difloma da suka shiga a 06, ko masu NCE a 07, ko masu HND da layinsu ya daɗe yana tsayawa a 14. Su in sun samo digiri sukan nemi sauya layi zuwa na jami'ai, wani lokaci ma a mayar da mutum baya da lebul ɗaya kafin hanya ta buɗe masa, kuma duk da haka riba ce ga mai sauran shekaru.

Ranar Litinin ka je rajistar ma'aikatarku da sassafe kafin a cika, ka gaida mai kula da fayil da mutunci, ka roƙi jami'in ma'aikata ya duba maka abu huɗu: takardar tabbatarwa, APER na shekara ukun baya, ko akwai kweri a buɗe, da yadda aka rubuta sunanka da ranar kama aikinka a jerin sunayen ma'aikata. Duk abin da babu, ka rubuta takarda zuwa ga babban sakatare ta hannun daraktanka, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka tafi da shi. Ka roƙa a cikinta cewa in an ƙara maka girma, a mayar da ranar takarda zuwa shekarar da ka cancanta. Abin da ka tarar ka dawo ka faɗa mana, sai mu ga ta inda za a ɓullo.