Tambaya da Amsa: Me ake yi a ƙungiyar masu hawan tsaunuka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, shekaruna ashirin da biyu. Na yi rajista da wata ƙungiyar masu hawan dutse da yawon daji, ina zaton da shigata za a kai ni manyan tsaunuka. Da aka ba ni jadawalinsu sai na ga wata uku na farko babu komai sai tattaki, da karatun taswira, da koyon ƙulla igiya. Ina buga ƙwallo, jikina da ƙarfi. Wannan ba ɓata lokaci ba ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Na fi shekara ashirin ina jagorantar irin wannan fita, kuma duk sabon shiga mai jini a jika da wannan ƙorafin yake zuwa. Ka riƙe jadawalin nan da kyau, domin wanda ya tsara shi ya san abin da yake yi.

Tattakin ƙarshen mako da kake rainawa shi ne inda muke gane mutum. A nan muke ganin wanda takalminsa ke yi masa bororo, da wanda ke shanye ruwansa tun kafin rana ta take, da wanda ba ya iya buɗe baki ya ce ya gaji. Ƙarfin ɗan ƙwallo na minti casa'in ne, a fili mai laushi, hannu biyu a sake. Dutse kuwa awa shida ko takwas yake nema, da jaka a baya, kuma gangarowa ta fi hawa cin gwiwa.

Karatun taswira ma ba na ado ba ne. Za a nuna maka layukan nan masu lanƙwasa da ke nuna tudu da kwari: inda suka matsu da juna hawan wurin a miƙe yake, mai wuyar tsiya, inda suka baje ƙasa ce mai sauƙin takawa. Za a koya maka aiki da kamfas, wato na'urar da ke nuna arewa, saboda waya tana mutuwa, kuma sanyi yana saurin cinye batir. Sannan akwai wani lissafi da wani ɗan Sukotilan mai suna William Naismith ya fitar tun 1892, har yau muna amfani da shi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ke nan tafiyar kilomita 10 mai hawan mita 600 za ta ci awa uku, ban da hutu, ban da mai rauni a cikin ayari. Daga wannan lissafin ne jagora ke yanke lokacin juyawa, wato sa'ar da idan ta cika za a koma, ko da ana hangen ƙololuwa kusa.

Bari in ba ka labarin ranar da na karya wannan doka. Mu goma sha ɗaya ne, na yanke cewa ƙarfe biyu na rana za mu juya. Biyu ta yi saura kamar tafiyar rabin awa, matasa suka yi ta roƙona, na biye musu. Rabin awar ta zama awa ɗaya da rabi. Duhu ya riske mu a gangare, fitila huɗu kawai gare mu, wani yaro ya zame ya yi targaɗe a idon sawu. Goyonsa muka yi bi da bi har bayan ƙarfe goma na dare. Ya warke, alhamdu lillahi, amma har yau ina tuna fuskar mahaifinsa da ke tsaye a inda muka bar motoci. Tun daga ranar ban sake ƙara ko minti biyar a kan lokacin juyawa ba, kuma ban sake barin kowa ya fita ba tare da fitilar goshi da usur ba.

Usur ɗin ma da ƙa'idarsa: busa shida a cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a sake, alama ce ta neman agaji. Wanda ya ji sai ya amsa da busa uku. Haka tsawa: daga ganin walƙiya ka fara ƙirga, kowace daƙiƙa uku kafin ka ji ƙara tana nufin nisan kusan kilomita ɗaya. In bai kai daƙiƙa talatin ba, a sauka daga tudu, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Ranar igiya kuwa za ka ƙulla ƙullin nan mai siffar lamba 8 har hannunka ya iya shi ido rufe. Za ka riƙe wa wani igiya yana hawa, shi ma ya riƙe maka, kuma kowa sai ya duba ƙullin abokinsa da ɗamarar ƙugunsa da hular kwanonsa kafin ƙafa ta bar ƙasa. Ka yi wata ukun nan cikakke, ɗana. Ranar da aka kai ka babban dutse, ran wani zai kasance a hannunka.

TAMBAYA: Yaya, ni mace ce, na haura arba'in, ban saba motsa jiki ba. Ina sha'awar shiga, amma ina jin kunyar in zama mai jawo wa mutane jinkiri.

AMSA: Ƙanwata, ki shiga. Ƙungiya mai tsari tana raba fitarta mataki-mataki, daga tafiyar awa biyu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa har zuwa kwana a tanti. Kuma a kowace fita akwai jagora a gaba, akwai wani gwani da ake ajiyewa a can baya, aikinsa kawai ya tabbata babu wanda aka bari a bayansa. Da takun mafi sanyin tafiya ake auna saurin ayari. In kika je kika ga ana barin mutum a baya shi kaɗai, to ki nemi wata ƙungiyar. Kafin nan ki fara da tafiyar rabin awa kullum da takalmin da za ki fita da shi, kuma in kina da hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ki ga likita, ki kuma sanar da jagora tun a gida.

TAMBAYA: Malam, ƙungiyarmu na shirin zuwa Kilimanjaro baɗi. Wasu na so mu zaɓi hanya mafi gajarta don mu rage kwanaki. Me ka gani?

AMSA: Ban goyi bayansu ba. Kilimanjaro, a Tanzaniya, tsayinsa mita 5,895 ne, babu dutsen da ya kai shi a Afirka. Ba ya buƙatar gwanintar igiya a hanyoyin da aka saba bi, shi ya sa mutane ke raina shi. Abin da ke mayar da mutane baya iska ce: a can sama, iskar oksijin da mutum ke samu a numfashi ɗaya kusan rabin wadda yake samu a bakin teku ce.

Daga wajen mita 2,500 ciwon tsauni ke iya farawa, da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da rashin barci. Ba ruwansa da ƙarfin jiki. Na ga ya kayar da ƙato ya ƙyale dattijo. Shawarar likitocin wannan fanni ita ce, in an haura mita 3,000, kada wurin kwana na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma riƙa ware ranar hutu bayan kwana uku ko huɗu. Hanyar kwana biyar ba ta ba jiki wannan dama. Ku zaɓi ta kwana bakwai ko takwas. Za ku ji 'yan rakiyar can suna ta cewa "pole pole" da Swahili, wato sannu-sannu, ku saurare su. Wanda ciwon kansa ke ƙaruwa kada ya ƙara hawa. Wanda ya fara tangaɗi, ko ruɗewa, ko haki yana zaune, a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne, kuma kada ya sauko shi kaɗai. Ku yanke wannan shawara tun kuna gida, ku rubuta sunan wanda zai rako mara lafiya, domin a can sama kowa ƙololuwa yake kallo. Sannan ku tanadi kayan sanyi na gaske, saboda kowace mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri shida da rabi.

TAMBAYA: Me ya sa ƙungiyarmu ke tilasta mana fita tsintar shara a kan dutse? Mu ba mu muka zubar ba.

AMSA: Saboda ku ne ke zuwa wurin, ɗana, motar shara ba ta hawa can. Ƙungiyoyi da yawa kan haɗa wannan aiki da 11 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa tsaunuka, wadda aka fara kiyayewa a 2003. Ƙoramar da kuke tsallakewa a sama ita mutanen gindin dutsen ke sha a ƙasa. Don haka ne ma muke koya wa sababbi cewa mai buƙatar kewayawa ya yi nesa da ruwa kamar taku saba'in, ya haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ya binne. Ka tafi da safar hannu da buhu biyu, ɗaya na leda da robobi, ɗaya na fasassun kwalabe, kuma na kwalaben kada ka saka shi a cikin jakar bayanka.