Tocila mai caji: fara duba batir kafin haske

Ka tambaye ni, "Oga, tocila mai caji nake son saye don aikin lantarki da dare da shiga silin, wacce ta fi haske?" To yaro, ajiye maganar haske tukuna. Kowace tocila a hannun mai shago kashe ido take yi, domin cike take da caji. Fara tambayar irin batirin da ke cikinta.

Akwai na robar nan da ake zaro musu ƙafa biyu a soka kai tsaye a soket. Yawancinsu batirin dalma ne na volt 4 a ciki, kuma babu abin da ke yanke caji idan ya cika, wasu ƙananan kayan lantarki ne, kafasita da 'yan diyod, ke rage wutar. Ka manta da ita a soket ta kwana ta wuni, batir ya dahu. Ka bari ta mutu murus ka jefa a akwati wata guda, ba za ta sake riƙe caji ba. Idan kuma batir ya raunana ka kunna ta tana kan caji, ƙwan ne zai ƙone, balle a kan janareto da wutarsa ke hawa da sauka. Arharta ce kawai abin yabo.

Nemi mai batirin litiyom da ake kira 18650, wanda za ka murɗe gindin tocila ka zaro shi da hannu. Lambar girmansa ce: kauri milimita 18, tsawo 65. A jikinsa an rubuta volt 3.7, idan ya cika kuma mitar awon wuta za ta nuna maka 4.2. Na ƙwarai yana ɗaukar mAh 2,000 zuwa 3,500; mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa. Duk wanda ka ga an buga masa 9,900, jabu ne, wannan girman ba ya ɗaukar haka. Auna shi ma a tafin hannu: na gaske ya kai wajen giram 45, jabu kuwa sakayau za ka ji shi. Amfanin mai zaruwa shi ne ran da batir ya gaji, shi kaɗai za ka canza.

Yanzu ga lissafin haske, don kada kwali ya ruɗe ka. Lumen shi ne ma'aunin haske, kuma ƙwan LED mai kyau yana ba da kamar lumen 100 a kowane watt na wutar da ya ci. Batir mai mAh 2,600 sau volt 3.7, a raba da 1,000, ya ba ka kusan watt-awa 9.6, wato watt 9.6 na tsawon awa ɗaya. Ƙwai mai watt 3 zai ba ka lumen 300 na tsawon awa uku, kuma wannan ya ishe ka bin waya a silin. Wadda aka rubuta wa lumen 10,000 fa? Sai ta ci watt 100, batir ya ƙare cikin minti shida. Gara ka duba ko tana da matakin haske ƙasa-ƙasa, domin da shi za ka fi aiki. Haske mai ƙarfi a kan farin bango ido yake kashewa, har ka kasa bambance jar waya da ruwan ƙasa.

Kafin ka biya, kunna ta minti biyar. Ɗumi a kan mai jikin alminiyon daidai ne, zafi yake fitarwa daga ƙwan. Amma idan haske ya dushe ko yana kyaftawa, ajiye. Girgiza ta tana kunne, ka danna makunnin sau goma, domin nan da sifirin suka fi saurin lalacewa. Kwance gindin ka ga ko akwai zoben roba. Idan ka ga an rubuta mata IPX4, yana nufin tana jure yayyafi, IPX7 kuma nutsewar mita ɗaya ta minti 30. Masu kan da ake ja gaba da baya don faɗaɗa haske ko tattara shi, ƙurar hunturu takan shige musu har bayan gilashi.

A sana'armu, ta ɗaurawa a goshi mai jikin roba, amma mai batirin 18650, nake so ka fara saye. Hannunka biyu na kan aiki, kuma ba ka cusa ƙarfe kusa da waya mai wuta ba.

Cajin farko ka tsaya a kai. Jira jar fitilar da ke nuna caji ta koma koriya ko shuɗiya, sannan ka zaro batir ka sa mita. Idan ya haura 4.25, ba ta yanke caji, mayar wa mai shago. Kada ka bar ta a rana ko a gaban mota, kuma batirin da rigarsa ta yage ko ya lotsa kada ya sake shiga caji.