Likita na amsawa: Maganin maleriya da ake rubuta wa masu lupus da amosanin gaɓɓai

Tambaya: Salamu alaikum Likita. A asibiti an ce ina da cutar lupus, aka rubuta mini Plaquenil. Da na je kemis sai mai shagon ya ce ai maganin maleriya ne. Ko kuskure aka yi? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba kuskure ba ne, kuma mai kemis gaskiya ya faɗa. Wannan magani, da za ki ga an rubuta Hydroxychloroquine a jikin kwalinsa, ɗan'uwan kulorokwin ne da muka taso muna sha. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka lura cewa sojojin da ke shan irin waɗannan magunguna don rigakafin maleriya, ciwon gaɓɓai da ƙurajen fatarsu sukan lafa. Shi wannan a 1955 aka amince da shi a Amurka. A cutar lupus garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa mai ita, ta taɓa fata da gaɓɓai, wani lokaci har ƙoda. Maganin kwantar da ita yake yi, ya rage yawan tashin ciwon. Sai dai yana son haƙuri. Sai an yi wata biyu zuwa uku ana sha kullum kafin a ga sauƙi, wani ma har wata shida. Da yawa a nan suke karaya su ajiye shi a mako na uku, su ce bai karɓe su ba. Don Allah kada ki bi sahunsu.

Tambaya: Shekarata shida ina shan sa saboda amosanin gaɓɓai. Yanzu na ji ana cewa yana makanta mutum, hankalina ya tashi. In daina? Daga wata Hajiya a Katsina.

Amsa: Hajiya, kada ki daina da kanki, amma ki je wurin likitan ido a cikin watan nan. Maganin yakan taru sannu a hankali a bangon bayan ido, wurin da ke ɗaukar hoton abin da muke gani, kuma zai iya lalata shi. Abin da ke damuna shi ne lalacewar kan fara ba tare da mutum ya ji komai ba, kuma in ta auku ba ta gyaruwa. Ranar da za ki lura haruffa na ɓacewa a tsakiyar layi kina karatun Alƙur'ani, ta riga ta yi nisa.

To amma ga abin da zai kwantar miki da hankali. Bisa jagorar da ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta fitar a 2016, wanda ke shan adadin da ya dace, haɗarin bai kai kashi 1 cikin 100 ba a shekaru 5 na farko, bai kai kashi 2 ba har zuwa shekara 10. Bayan shekara 20 ne yake haurawa zuwa kusan kashi 20. Adadin da ya dace kuwa shi ne kada ya wuce miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ƙwaya ɗaya miligiram 200 ce. Mai kilo 80 za ta iya shan biyu. Mai kilo 60 kuwa iyakarta 300, shi ya sa likita kan ce yau biyu, gobe ɗaya. Matan da suka rame bayan doguwar jinya amma suka ci gaba da shan biyu kullum, su na fi ji wa tsoro. Ki hau sikeli, ki kai wa likitanki lambar.

Ƙa'ida ita ce a duba ido a shekarar farko, sannan kowace shekara da zarar an cika shekara 5. Mai ciwon ƙoda, ko mai shan Tamoxifen na sankarar mama, ba ya jiran shekara 5 ɗin. Kuma gwajin karanta haruffa a allo da ake yi don yanka tabarau bai wadatar ba. Ki nemi hoton bayan ido da ake kira OCT da gwajin faɗin gani, a babban asibitin koyarwa ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Tambaya: Matata na shan sa, ga shi ta samu juna biyu. Surukata ta ce a ajiye duk wani maganin asibiti. Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Allah Ya raba lafiya. Ka yi wa Mama bayani cikin ladabi cewa wannan yana cikin waɗanda ake so a ci gaba da sha, da ciki da kuma lokacin shayarwa. Tashin lupus a kan ciki shi ne abin gudu, don yana jawo ɓari da hawan jini da haihuwar bakwaini. Amma in akwai Methotrexate cikin magungunanta, ku koma asibiti yau, domin shi yana cutar da ɗan tayi.

Tambaya: Yarona ɗan shekara uku na zazzaɓi, kuma akwai ragowar maganin a gida. Zan iya gutsura masa? Daga wani uba a Gusau.

Amsa: A'a, Malam, ko kusa. Ƙwaya ɗaya ko biyu na iya tsayar da zuciyar ƙaramin yaro cikin 'yan sa'o'i. Ka ɗauke shi daga kan durowa ka kulle, kuma duk yaron da ya haɗiye shi a garzaya da shi asibiti ko da yana wasansa. Sannan ƙwayar cutar maleriya da ke ƙasarmu ta daina jin dangin kulorokwin, dalilin da ya sa Najeriya ta koma kan haɗin magungunan maleriya da ake kira ACT tun 2005. A yi masa gwajin jini na ɗan yatsa, in maleriya ce a ba shi ACT daidai nauyinsa.

Tambaya: Ina da ciwon suga, kuma ina son yin azumi. Yaya zan riƙa shan sa? Daga wani dattijo a Jos.

Amsa: Baba, ka sha shi bayan buɗa baki, da abinci a ciki, don a kan yunwa yana kawo tashin zuciya. Yana kuma sauke suga, saboda haka in ka ji rawar jiki, gumi da jiri da rana, ka auna, in ya faɗi ka karya azumin. Ka ga likitanka kafin watan ya kama, ko zai rage maka maganin sugan. In kana shan ruwan maganin gyambon ciki mai kamar alli, ka bar tazarar awa 4 tsakaninsu. Duk wanda zai rubuta maka Azithromycin kuma, ka gaya masa kana kan wannan, domin haɗuwarsu na iya rikita bugun zuciya.