Abin da ke ɓata littattafan soyayya daga tsakiya

Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Kin ce kin biya kuɗin littafi a WhatsApp, farkonsa ya ja ki, daga tsakiya ya watse, kina neman dalili da yadda za ki gane kafin ki sake biya. Wallahi kina da gaskiyar jin haushi.

Babbar cutar ita ce rubutun kullum-kullum. A zamanin littattafan bugu, sai an kammala rubuta littafi ake kai shi maɗaba'a. Yanzu marubuciya za ta saki shafin yau, ta zauna rubuta na gobe da daddare, ita kanta ba ta san ƙarshen ba. Masu sharhi su ce a ƙara wa kishiya wuta, sai ta ƙara. Labarin da jigonsa bai wuce shafi 40 ba a ja shi zuwa 100, dole a cike gurbi da hatsarin mota, mantuwa, boka, ko wani yaya da ya faɗo daga Landan. Kuma abin da aka riga aka saki ba ya gyaruwa, shi ya sa yarinyar da ke aji uku a farko za ki tarar tana jami'a bayan wata biyu.

Ki yi amfani da shafukan kyauta da ake saki kafin a biya, a nan ake kama irin waɗannan marubutan. Duba me ya haɗa taurarin biyu. In an ɓata shafi uku kan dogon hancinta, lefe da motocinsa, amma ba a nuna dalilin son ba, gaba ma haka za ta kasance. Rufe sunaye ki karanta hirar: in ba ki bambance maganar Hajiya da ta 'yar aikinta ba, taurarin ba su da rai. Sai sanin wuri. Wadda ta kafa labari a Kaduna ta kai Kasuwar Barci Malali, alhali tana Tudun Wada, ko ta sa amarya ta hau jirgin ƙasan Abuja a Kawo maimakon Rigasa, ba ta yi bincike ba.

Ƙa'idar rubutu ma shaida ce. Mai rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", tana haɗe "ya ce" da "shi ke nan" yadda ta ga dama, ba ta sake karanta aikinta ba balle ta ba wani ya tace.

Kafin ki tura kuɗi, tambayi marubuciyar kai tsaye ko littafin kammalalle ne, shafi nawa ne. In ta ce ana kan rubutawa, jira ya ƙare ki ji daga bakin waɗanda suka kai ƙarshensa.