Hikima da fahimta a Kolosiyawa 1:9, abu ɗaya ne?

Tambaya: Malam, a Kolosiyawa 1:9 Bulus ya roƙa wa masu bi hikima da fahimta. Ba duk abu ɗaya ba ne? Me kalmar fahimta take nufi a Helenanci? Daga wata 'yar'uwa a Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, ba ɗaya ba ne. Hikima a ayar ita ce sofiya, fahimta kuwa sunesis. Tushen sunesis aikatau ne, suniyemi, wato haɗa abubuwa wuri guda. Ɗaruruwan shekaru kafin Almasihu, mawaƙin Girka Homa ya kira mahaɗar koguna biyu da wannan suna. Daga baya aka riƙa faɗinta ga mutumin da ya ji wannan, ya ga wancan, ya haɗa su har ya gano inda zancen ya dosa. Aristotil, masanin falsafa na Girka, ma ya ce aikinta auna magana ne, ba tsara abin da za a yi ba.

Sau 7 kalmar ta fito a Sabon Alkawari. Ita ce Luka 2:47 ya ce ta ba duk masu sauraron Yesu mamaki a Haikali, sa'ad da yake ɗan shekara 12.

Amma ni a ganina, Markus 8 ya fi ko'ina fayyace ta, ko da yake aikatau ɗin ne ya zo a can. Almajirai suna cikin jirgi suna damuwa don ba su taho da gurasa ba. Yesu ya tambaye su kwando nawa suka kwashe bayan ciyar da mutum 5,000. Suka ce 12. Na mutum 4,000 fa? Suka ce 7. Lissafinsu daidai, ko ɗaya ba su ɓata ba, amma ya ce musu har yanzu ba su fahimta ba. Sun riƙe adadin kwanduna, sun kasa haɗa shi da wanda yake zaune tare da su a jirgin. Markus bai ce ƙwaƙwalwarsu ce ta gaza ba, taurin zuciya ya ambata.

Ki lura kuma, Bulus bai bar kalmar haka kawai ba, fahimta ta ruhu ya ce. A 1 Korintiyawa 1:19 ya ɗauko Ishaya 29:14, inda Allah ya ce zai kawar da sunesis ɗin masu basira. Wadda yake roƙa wa Kolosiyawa ita ce wadda ya faɗa wa Timoti a 2 Timoti 2:7, cewa ya yi tunani a kan maganar, Ubangiji kuma zai ba shi ita.